Wanda Ya Sha Kaye Ma Ɗan Ƙasa Ne

Duk lokacin da mulki ya sauya hannu a ƙasar nan, unguwanni irin Koira Kano ne ke fara nuna alama. Ƙofar gidan da motoci ke layi tun da sassafe sai ta wayi gari tsit, mai gadi na zaune shi kaɗai da butar shayinsa. Wata ƙofar kuma da ba mai kallonta jiya sai ta cika da masu gaisuwa. Da Zabarmanci sunan kartiyen nan na nufin gari ya yi daɗi, amma kowa ya san daɗin ba ya daɗewa a gida ɗaya. Wannan tsohon labari ne. Abin da ya dame mu shi ne tambayar da ke biyo bayansa, wadda yanzu ake yanke hukuncinta a fada da Facebook da WhatsApp tun kafin ta isa gaban alƙali: mutanen da suka tsaya tare da tsohon mulki har ya faɗi, me ya kamata a yi da su?

Matsayinmu a fili yake. Wanda ya ci kuɗin jama'a ko ya sa hannu aka zubar da jini, a kai shi kotu, a kawo hujja, a hukunta shi gwargwadon laifinsa. Amma wanda laifinsa kawai shi ne ya goyi bayan ɓangaren da ya faɗi, yana nan ɗan ƙasa, da shi da matarsa da 'ya'yansa. Ba tausayi kaɗai ya sa muka ce haka ba. Tarihin ƙasar nan ya riga ya gwada ɗaya hanyar, kuma mun ga abin da ta haifa.

Maraɗi, garin waɗanda suka ƙi miƙa wuya

Matasa da yawa suna jin ana cewa Sarkin Katsinan Maraɗi ba su taɓa tambayar dalili ba. Ta yaya sarautar Katsina ta zo ta zauna cikin Nijar?

A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar da take Nijar a yau, ya yi hijira zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke tsakanin jama'arsa da Sarkin Gobir Yunfa. Cikin 'yan shekaru manyan biranen Hausa suka faɗa hannun masu jihadi. Birnin Katsina ya faɗi wajajen 1807. Alƙalawa, hedkwatar Gobir, ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. A kowane birni akwai waɗanda suka karɓi sabon tsari, akwai kuma waɗanda suka ce su dai suna tare da sarkinsu: 'ya'yan sarauta, barade, fadawa, bayin sarki, da talakawan da ba su san wani ubangida ba sai shi.

Na Katsina suka yi arewa. An karya su a Ɗankama, inda tarihi ya nuna sarkinsu Magajin Halidu ya faɗa rijiya don kada a kama shi. Waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa, suka nemi mafaka a Damagaram, suka yi shekaru suna zaman baƙunci. Wajajen 1819 mutanen yankin Maraɗi suka yi bore, suka kashe wakilin da aka ɗora musu, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya yi sarauta. Daga nan Maraɗi ta zama sabuwar Katsina. Gobirawa ma haka: bayan yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, sai Mayaƙi ya kafa Tsibiri dab da Maraɗi. Kabawa suka koma Argungu. Gidan sarautar Daura ya watse zuwa Zango da Baure. Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828 aka sa masa suna Abuja. Garin nan shi ne Suleja ta yau, kuma sunansa aka ɗauka aka ba babban birnin Najeriya. Ka ji ikon Allah: hedkwatar ƙasa mafi yawan jama'a a Afirka tana amsa sunan ɗan sarkin da aka kora daga gida.

Ba mun zo yanke hukunci kan jihadin ba ne, wannan aikin malamai da masana tarihi ne. Abin lura a nan shi ne abin da ya biyo baya. Korar ba ta kawo ƙarshen rigima ba, sai ma ta ba ta sabon mazauni. Shekaru da dama mayaƙan Maraɗi da Tsibiri suna kai hari ƙasar Katsina da Zamfara, musamman zamanin Ɗan Baskore a tsakiyar ƙarni na 19, daga can ma ana ramawa. Aka gina garuruwan ribaɗi don tsaron iyaka. Wa ya ji a jikinsa? Manomin da aka ƙone wa rumbu, da matar da aka kama aka sayar, alhali harshensu ɗaya da wanda ya kama ta, wataƙila ma kakansu ɗaya. Da Turawa suka zo, Faransa da Ingila suka ja iyaka a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, suka bi kusan wannan tsohuwar ɓarakar. Yau tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai kilomita 100 ba, amma ƙasa biyu ne, kuɗi biyu, harshen boko biyu. Da aka rufe iyaka a 2023, dangi ɗaya suka kasa zuwa jana'izar juna.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu riƙe. Tun a wancan lokaci malamai sun yi gardama kan sunan da za a kira wanda ya tsaya tare da sarkinsa. Shehu al-Kanemi na Borno ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello, yana cewa saɓo daban, fita daga addini daban, kuma bai halatta a yaƙi mutane a kan abin da bai fitar da su daga Musulunci ba. Bello ya mayar masa da nasa hujjojin, ya kuma adana muhawarar a littafinsa Infaƙul Maisuri. Wato ko ana tsakiyar yaƙi, manya sun san cewa laƙaba wa mutum suna abu ne mai nauyi da ke bukatar hujja. Mu kuma yau da yatsa ɗaya muke yi, muna kurɓar shayi.

Yadda ta kaya a Amurka

Wani zai ce wannan halin baƙar fata ne. A'a. Lokacin da yankuna 13 na Amurka suka yi wa Ingila tawaye, aka gwabza daga 1775 zuwa 1783, ba kowa ya bi masu neman 'yanci ba. Masana tarihi na ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na Turawan da ke zaune can sun ci gaba da biyayya ga Sarki George na Uku. Wasu ma'aikatan gwamnati ne da suka yi rantsuwa, wasu 'yan kasuwa ne masu tsoron asara, wasu limaman coci ne, wasu kuma ƙananan ƙabilu ne da suka fi jin tsoron maƙwabtansu fiye da sarkin da ke hayin teku.

Sun ɗanɗana kuɗarsu. Akan tuɓe mutum a shafe shi da kwalta a barbaɗa masa gashin kaji a zaga gari da shi. Jihohi suka yi dokokin ƙwace gonaki da gidaje, aka hana wasu zaɓe, aka hana wasu sana'arsu, aka kori wasu da gargaɗin kisa in sun dawo. Rigimar ta shiga har ɗaki. Benjamin Franklin na cikin iyayen sabuwar ƙasar, amma ɗansa William, gwamnan New Jersey, ya tsaya tare da sarki. An ɗaure shi, daga baya ya koma Landan, can ya mutu a 1813, uban kuma bai bar masa wani abin kirki a wasiyya ba.

Yarjejeniyar Paris ta 1783 ta ce majalisar Amurka za ta shawarci jihohi su mayar wa mutanen nan dukiyarsu. Shawara ce kawai, jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu. Kusan mutum 60,000 suka bar ƙasar, fiye da rabinsu zuwa Kanada, har aka yanka musu sabon lardi mai suna New Brunswick a 1784. Ingila ta biya diyyar da ta haura fam miliyan 3, amma diyya ba ta mayar wa mutum garin da aka binne cibiyarsa. Kuma da Amurka ta kai wa Kanada hari a yaƙin 1812, cikin waɗanda suka tare ta akwai waɗannan korarrun da 'ya'yansu. Wanda ya san labarin Maraɗi ba zai yi mamaki ba.

Ɓangaren da ya fi shafarmu shi ne na baƙar fata. Tun 1775 gwamnan Ingila a Virginia, Dunmore, ya yi shelar 'yanta duk bawan 'yan tawaye da ya gudu ya shiga rundunar sarki. Dubbai suka gudu. A 1783 an rubuta sunayen kusan 3,000 aka kwashe su daga New York zuwa Nova Scotia, inda suka tarar da sanyi da wariya da alƙawarin gona da ba a cika ba. A 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka hau jirgin ruwa zuwa Saliyo, suka kafa Freetown. Cikinsu har da Harry Washington, wanda ya gudu daga hannun George Washington kansa. To ka gaya mana: mutumin da ya bar ubangidan da ke kiran 'yanci alhali yana riƙe da shi a bauta, ya bi sarkin da ya yi masa alƙawarin 'yanci, maci amana ne? A takardun masu nasara, e. A gaban gaskiya kuwa, shi ya fi kowa fahimtar kalmar da ake yaƙi dominta.

Sai dai Amurka ta yi wani abu guda da ya cece ta. Mafi yawan masu biyayya ga sarki ba su tafi ko'ina ba, sun zauna, kuma cikin 'yan shekaru aka sassauta dokokin da aka yi a kansu, suka koma cikin jama'a. Alexander Hamilton, wanda ya yi yaƙin a gefen Washington, ya tsaya a kotun New York a 1784 yana kare ɗan kasuwar da ke ɓangaren Ingila. An zage shi sosai. Hujjarsa ita ce ƙasar da ta fara rayuwarta da taka doka don ramuwa, dokar ba za ta kare kowa ba gobe. Aljeriya ta bi wata hanya a 1962: an kashe dubban Harki, wato 'yan ƙasar da suka yi aiki da sojan Faransa, waɗanda suka tsira aka zuba su sansanoni a Faransa, kuma sai a 2021 shugaban Faransa ya nemi gafararsu. Har yau jikokinsu na ɗauke da sunan.

Namu na gida

Mu dawo Yamai. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka ce a'a ga De Gaulle, suna neman 'yanci nan take. Suka sha kaye. A 1959 aka haramta jam'iyyar. Shugabanni suka yi gudun hijira zuwa Mali da Ghana da Gini, magoya baya na ƙasa, direbobi da teloli da ƙananan 'yan kasuwa a Maraɗi da Damagaram da Tasawa, su aka bari da jandarma. Da aka toshe musu kowace ƙofa ta siyasa, wasunsu suka ɗauki bindiga a 1964. An murƙushe su, an harbe wasu a bainar jama'a, an cika gidajen kaso, wasu ba su fito da rai ba. A lokacin sunan Sawaba zagi ne, iyaye na ɓoye wa 'ya'yansu cewa sun taɓa riƙe katin jam'iyyar.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sai reshe ya juye da mujiya. Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani, aka kashe uwargidansa Aissa a daren, aka tsare Diori shekaru, aka tsare Boubou Hama da sauran manyan RDA. Masu kiran wasu maciya amana jiya su ne a kurkuku yau. Djibo Bakary ya dawo gida, bai daɗe ba shi ma aka kulle shi a 1975. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Yanzu dubi taswirar birnin nan. Filin jirgin sama na Yamai sunan Diori Hamani yake amsawa. Gidan tarihi na ƙasa sunan Boubou Hama. Gada ta uku a kan kogi sunan Kountché. Gadar Farié sunan Djibo Bakary. A watan Oktoba 2024 aka cire sunan De Gaulle daga babban titi aka sa na Djibo Bakary, jama'a suka yi murna, kuma ya cancanta. Kowane ɗaya cikin mutanen nan akwai ranar da aka ɗauke shi abokin gaban ƙasa, ko shi ya ɗauki ɗan'uwansa haka. Ƙasar ta yafe musu duka, ta karrama su duka, amma sai bayan sun shiga kabari. Talakawan da suka bi su, waɗanda aka kora daga aiki ko aka karya wa ƙashi, ba titi ba gada.

A cikin wannan watan na Oktoba 2024 ɗin, aka fitar da dokar da ta cire wa mutum tara na kusa da hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum takardar zama ɗan ƙasa na wucin gadi, bisa zargin cin amanar ƙasa da haɗa baki da ƙasashen waje. A wata guda muka wanke wanda aka kira maci amana a 1959, muka kuma buɗe sabon jeri. Ya kamata wannan ya sa kowa ya tsaya ya yi tunani, ko wane ɓangare yake.

Amsa ga masu cewa lokacin yaƙi ne

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Ƙasa na cikin yaƙi. Sojojinmu na mutuwa a Tillabéri da Diffa, ƙauyuka na tashi. Fushin matasa a kan Faransa yana da tushe, ba wanda ya manta yadda aka kwashe uraniyom ɗin Arlit shekara da shekaru alhali garuruwanmu na kwana cikin duhu. Kuma gaskiya ne ana iya samun ɗan ƙasa da zai sayar da ƙasarsa. Ba mu musanta ko ɗaya ba.

Amma in zargin ya kai wannan nauyi, ai shi ya fi bukatar kotu. Mai hujja ba ya tsoron alƙali. A gurfanar da mutum, a karanta masa tuhuma, a ba shi lauya, a bar 'yan jarida su shiga, jama'a su ji da kunnensu. Hukuncin da aka yanke haka ba mai iya warware shi gobe ya ce bi-ta-da-ƙulli ne. Wanda aka yanke a ofis da sa hannun mutum ɗaya kuwa, sa hannun mutum ɗaya ya isa ya soke shi, ko ya juya shi kan wanda ya fara.

Zama ɗan ƙasa kuma ba kyautar gwamnati ba ce da za ta bayar yau ta karɓe gobe. Sashe na 15 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Duniya ta 1948 ya hana a raba mutum da ƙasarsa ba bisa ƙa'ida ba. Tun kafin wannan takarda, kakanninmu sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ɗan ƙasa mai laifi a gidan kason ƙasarsa ya kamata ya zauna. In ka kore shi ka ce ba naka ba ne, ka miƙa shi ga duk wanda ke neman abin da zai yaƙe ka da shi. Mun gani a Maraɗi, mun gani a 1964.

Sannan kalmar “na tsohuwar gwamnati” faɗinta ya yi yawa. Malamin makarantar da ya yi wa jam'iyya kamfe a 2021 yana ciki. Ma'aikaciyar da aka ƙara wa girma a lokacin tana ciki. Ɗan kabu-kabun da ya liƙa hoton ɗan takara a babur yana ciki. Direba da kuku da mai gadin ofishin wata ƙungiyar waje da suka rasa aiki, har ana yi musu kallon 'yan leƙen asiri, su ma suna ciki. Mutane sama da miliyan biyu suka jefa wa wancan ɓangaren ƙuri'a a zagaye na biyu. Ina za mu kai su?

Abin da ya rage gare mu

Ga hukumomi, roƙonmu uku ne. Duk wanda ke tsare, a kai shi gaban alƙali ko a sake shi. Maganar cire wa mutum zama ɗan ƙasa a mayar da ita hannun kotu, tare da damar ɗaukaka ƙara. A kuma buɗe wa waɗanda ke waje, da ba jini a hannunsu, hanyar dawowa gida ba tare da fargaba ba.

Ga mu matasa kuwa, aikin ya fi kusa. Kafin ka tura hoton wani da rubutun “maci amana”, tambayi kanka me ka sani da idonka, ban da abin da aka turo maka. Kada ka nuna gidan kowa, kada ka sa hoton matarsa ko 'ya'yansa, yaron da ke aji uku bai san komai ba game da 26 ga Yuli. In abokinka na fada yana da ra'ayi daban, ku yi gardama har shayi ya huce, amma kada ka kai sunansa ko'ina. In ka ji ana zagin maƙwabci don jam'iyyar da ya bi, ka ce a bari, ko da kai ba ka taɓa son jam'iyyar ba. Daga 1974 zuwa yau an yi juyin mulki sau biyar a ƙasar nan. Babu ɗayanmu da ya san ɓangaren da zai tsinci kansa shekara goma masu zuwa, don haka dokar da kake so a yi wa abokin hamayyarka, ka auna ta da wuyanka tukuna. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Nijar ta sha wuya wajen neman 'yancin kanta, kuma muna cikin masu son ta tsaya da ƙafafunta. Ƙasar da ta tsaya da ƙafafunta tana iya hukunta mai laifi ba tare da ta kore shi daga zuriya ba, tana iya zama da wanda ya saɓa mata ra'ayi ba tare da ta ji tsoronsa ba. Kada mu bar wa jikokinmu aikin sa wa tituna sunayen mutanen da muka wulaƙanta suna raye.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.